Sunan Jirgin Baba

Hayyin Ashir, Alƙahira,
9 ga Rajab.

Zuwa ga ƙanwata Humaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya maigidan, ya Nana Fatima da haƙoranta masu fitowa, ya mutanen Yawuri baki ɗaya? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba da ba ta shiri da matakalar hawa shida.

A takarda na rubuto, zan ɗauki hotonta in turo miki, don na san in saƙon murya na yi, a tsakar gidan Baffa Abdurrahim za a kunna shi har awaki su ji.

Abin da kuka ji gaskiya ne. Baba ya sayi jirgi. Ba kwale-kwale irin na kakanninmu Sarkawa ba, jirgin teku ne na katako mai jan koma, tsawonsa taku goma sha biyar, ya girme ni ya girme ki. Wani ne ya jawo shi daga Dumyaɗ zai mayar da shi gidan abinci, bai yi ba, ya yar da shi a filin gyaran jirage na Usta Fadl, gaba da Hilwan. Yana nan bisa kututturai, kyanwa ta haihu a ɗakin matuƙi. Baba ya ce a cikinsa zai zauna har Allah ya karɓi abinsa.

Na ji Baffa ya ce Baba ya taɓu. To ki tambaye shi: shekara talatin da huɗu mutum yana zaune a ɗakin da ba taga a unguwar Darrasa yana ɗinka littattafan wasu, har idonsa ya dushe aka sayo na'ura aka sallame shi, wa ya taɓa bugo waya ya ce ya taɓu? Sai yau da ya ga abin da ransa ke so? Wai ya dawo gida ya huta. Hutu a ina? A zauren Baffa, bisa tabarma, yana kora ƙuda, ana nuna shi ana cewa ga wanda ya je Masar karatu ya dawo ba digiri? Tun rasuwar Inna Fatna ban ga Baba yana sauri ba sai a hanyar zuwa wurin jirgin nan.

Abin da ya ƙona min rai shi ne Baba ba ya iya yi wa yayansa musu. Baffa ya matsa, shi kuma ya ɗauki alkawari: in Babbar Sallah ta zo jirgi bai hau ruwa ba, zai tattara ya dawo. Baffa yana can yana murna, a zatonsa ya gama da shi. Ya manta Baba yana da ɗa bakanike. Shekara goma ina cikin injinan ƙananan motocin haya, mikrobas, a unguwar Faisal, injin jirgi ba zai gagare ni ba.

Ki gaishe da kowa, har Baffan.

Yayanki,
Badamasi, ko kuwa “Kai”, in ji Baba.


Hayyin Ashir,
6 ga Shawwal.

Humaira,

Sallama da gaisuwa. Barka da shan ruwa, an yi Sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Na ga hoton lallen Nana Fatima, ki ce mata kawunta ya yaba.

Aiki ya yi nisa. Mun cire katakai goma sha ɗaya da suka ruɓe daga cikin jirgin, in kin danna yatsa sai ya shige kamar gurasa. Usta Fadl da mutanensa sun sa sababbi, Baba kuma ya karɓi aikin cusa zaren auduga tsakanin katako da katako kafin a bi da kwalta. Ki zo ki ga hannun mai ɗinkin littafi! Fadl ya rantse bai taɓa ganin layi mai kyau haka ba, ya ce wannan tsoho, jirgin ma so yake ya yi masa bango kamar littafi. Ni na sauke inji, na wargaza shi gaba ɗaya. Akwai wani tsohon littafin injin da na tsinto a kasuwar tsofaffin littattafai, rabinsa ɓera ya ci, da shi nake aiki. Kin san ni da karatun tsintuwa, a gutsattsarin takardun shagon da Baba ke aiki na koya, ba wanda ya zaunar da ni.

Malam Mu'tasim, shugaban 'yan ƙasarmu na nan, ya zo ganin ido da farar jallabiyarsa. Ya zagaya jirgin yana toshe hanci, ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Na ce masa ai shi ya sa muka zaɓi ruwa, Malam. Baba ya harare ni. Na san Baffa ne ya turo shi, kuma na san abin da zai kai.

Yanzu maganar suna ta taso. Sunan jirgin na da Samah, ya goge saura harafi biyu. Mutanen nan da sunan 'ya'yansu suke kiran jiragensu, kuma Fadl yana da doka a filinsa: ba a zare kututture sai mai jirgi ya tsaya a gaba ya kira sunan da ƙarfi sau uku, kowa ya ji, kamar raɗin suna. Munzir, wani Basudane mai rubutun fenti, kullum yana tambaya me zai rubuta, Baba yana cewa tukuna. Na ce ya sa Fatna. Ya ci gaba da cusa zarensa. Ina jin Humaira zai sa, ki shirya tukwici.

Ba hassada nake ba, amma bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Ke an kai ki Yawuri kina da shekara tara, kin tashi inda kowane uba ke kunyar ɗan fari, ba ki ga komai ba. Ni a nan na tashi, inda ake yi wa mutum kirari da ɗansa. A filin nan kowa Abu Badamasi yake ce wa Baba. Kin san me yake yi? Sai ya sunkuyar da kai kamar an zage shi, ba ya amsawa sai an ce Ɗantsoho. Jiya Fadl ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ni agola ne. Shekarata ashirin da bakwai, Humaira. “Kai.” “Wannan yaron.” “Ku ce wa bakaniken nan.” Na karanta littattafai da yawa, ban ga inda Allah ya ce a yi haka ba.

Ma'alish, yi haƙuri, na cika ki da surutu. Ki gaida maigidan.

Yayanki,
Badamasi.


Faisal,
11 ga Zulƙida.

Humaira,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya. Ni da sauƙi, kada ki tayar da hankalinki, kuma kada ki yi kuka a gaban mutanen gidan nan.

Ranar Talata muna mayar da gangar injin cikin jirgi da sarƙa. Ina ƙasa a ramin inji ina daidaita mazauninsa, mutum shida suna sama. Baba ne kaɗai ya ga ƙugiyar tana zamewa. Ya yi ihu, na ji shi sarai. Kin san me ya ce? “Kai! Kai! Kai!” A filin da ake buga guduma, kowa kai ne. Mutum shida suka waiwaya, ni ban ɗago ba, don na zaci da masu sarƙa yake. Inji ya sauko a hannuna na hagu. Yatsu biyu sun karye, an ɗaure su, likita ya ce ƙaramin ba zai ƙara lanƙwasuwa ba.

Da sunana ya kira, da na janye. Kalma ɗaya. Harshensa ya gwammace a niƙe ni da ya furta ta. A asibiti ya zauna a bakin gado yana ta jan carbi, hawaye na bin gemunsa, ya ce wa nas ta duba “yaron nan” da kyau. A nan ma!

Khalas, shi ke nan. Na kwashe kayana na koma ɗakin abokina Ayman a Faisal. Jirgi ya ruɓe a inda yake. Ki ce wa Baffa ya share zaure, ya ci nasara, kunyarsu ta Hausa ta yi masa aiki.

Badamasi.


Bakin Nilu,
13 ga Zulhajji.

Ƙanwata Humaira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da Sallah, ya hidima, ya hayaƙin suya? Ina fata ke da maigidan da Nana Fatima kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ga saƙonninki goma sha huɗu, ban amsa ba don ban san me zan ce ba. Yanzu na sani. Na san kin ji labari daga bakin Baffa, to ga shi daga bakin wanda aka yi a gabansa.

Kwana goma sha biyu na yi ban leƙa filin ba. Ran na sha uku sai ga Malam Mu'tasim har garejinmu, da tikitin Baba a aljihu, Baffa ya aiko. Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi min albarka da na yi hankali na bar tsoho ya ga iyakarsa. Humaira, zagi ban damu da shi ba, amma wannan albarkar ta tsaya min a wuya. Ko shayin da na sa a kawo masa bai iso ba na tari mota zuwa Hilwan.

Abin da na tarar: Baba zaune a inuwar jirgi, ya shimfiɗa jaridu, ya jera kayan injin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya rubuta masa lamba kamar shafukan littafi. Littafin nan nawa da ɓera ya ci yana kan cinyarsa, ya ɗinke shi ya yi masa bango, yana kai shi har kan hanci yana neman inda zoben fistan ke shiga. Ya sa biyu a juye. Ban gaishe shi ba, Allah ya yafe min. Na ce ba haka ake yi ba, ya miƙo min sifana.

Haka muka yi kwana goma sha takwas. Ni ido da hannu ɗaya, shi ne hannuna na hagu. In ce riƙe, ya riƙe. In ce saki, ya saki. Ba mu yi maganar yatsu ba. Ranar da injin ya tashi ya turnuƙe filin da baƙin hayaƙi, Fadl ya yi ta ihu yana yalla yalla, Baba kuwa ya juya baya yana gyara hula.

Ranar jajibiri aka sa za a tura shi ruwa. Baba ya yanka rago, ya ce sadaka ce, mutanen Fadl suka tsoma hannu a jinin za su manna a jikin jirgi irin al'adarsu, ɗalibai biyu da suka zo cin nama suka ce bidi'a ce, aka yi ta cacar baki har Baba ya ce a raba nama a bar masa fentinsa. Sunan kuwa an rufe shi da buhu tun kwana biyu. A takarda Baba ya rubuta wa Munzir, kuma Munzir ya ƙi gaya min ko da na yi masa barazana da sifana. Malam Mu'tasim ya zo da manyan 'yan ƙasarmu biyar, ya ɗaga waya sama, Baffa yana kallo daga Yawuri, ana jira a ga jirgi ya nutse.

Fadl ya ce, yalla ya Hajj, kira sunan.

Baba ya tsaya a gaban jirgi. Sai ya ce, “Badamasi.” A hankali, kamar mai taɓa ƙaya. Fadl ya ce bai ji ba. Ya sake, da ƙarfi, har masu wanki a wancan gefen suka ɗago. Munzir ya fizge buhu, ga shi nan da shuɗin fenti, da Larabci da boko. Hausawan da ke wurin kowa ya sunkuyar da kai, wani yana salati. Na ukun ba jirgin ya kalla ba. Ni ya kalla.

Ni mai baki, ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba a duk Faisal, kalma biyu kawai na iya. Na ce, “Na'am, Baba.”

Muryar Baffa ta fito daga waya, ya ce, Ɗantsoho, a gaban mutane? Ina kunyarka? Baba ya karɓi wayar da hannu biyu, cikin ladabi kamar kullum, ya ce, Yaya, na riƙe ta shekara ashirin da bakwai, ta ci min yatsu biyu, ba zan shiga ruwa da ita ba. Ya mayar wa Malam wayarsa, ya ce a zare kututture.

Ya hau ruwa, Humaira. Ya yi tangaɗi sau biyu ya zauna daram. Yana ɗan yoyo ta baya, Fadl ya ce katako ne bai gama sha ba, zai kumbura ya toshe. Ko bai toshe ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai famfo, akwai ni.

Daga cikinsa nake rubuto miki. Baba ya kawo katifarsa da butarsa da hoton Inna, kyanwar nan ma ta dawo da 'ya'yanta ba wanda ya gayyace ta. A kan daɓen jirgi ya yi sallar Asuba yau, ba matakala ko ɗaya. Bayan Sallah za mu gangara arewa mu nemi inda zai ɗaure. Ɗakin matuƙi zai ɗauke ki ke da Nana Fatima in kun zo.

Kada ki zaci ya saba. Tun ranar sau biyu kawai ya ƙara kira, kuma duk sai ya yi tari tukuna. Ɗazu ya manta ya ce “kai”, na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da goge hannuna har ya gyara.

Ki gaida maigidan, ki sumbaci Nana Fatima. Ki ce wa Baffa ina gaishe shi da girmamawa, tikitinsa yana wurin Malam Mu'tasim, a canja suna a kai, shi ya zo ya ga ƙaninsa.

Yayanki mai ƙaunarki,
Badamasi Ɗantsoho.