Teryo Ya Sayi Bindiga

Bacolod, watan Janairu

Zuwa ga yayata, Manang Soling,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da gonar mangwaronki da ciwon gwiwarki. Mu nan lafiya lau, shagon gasasshiyar kaza yana tafiya, Marisol tana gaishe ki. Da kina ɗaga waya da ban sha wahalar rubutu ba, amma na san amsarki: kunne ya yi nauyi, kuma ko da bai yi ba, ba ki son ihuna.

Manang, na sayi bindiga. Ki zauna tukuna, kada ki tashi hankalinki. Ƙarama ce, ta hannu, da lasisinta da komai. Har likita ya duba kaina ya ce ƙalau nake. Abokina Doming ne ya sa ni a ƙungiyarsu ta gasar harbi, can bayan gonakin rake. Ana shirya fili kamar gida ko shago, a kakkafa mutanen kwali, wasu ɓarayi, wasu kuma bayin Allah da aka zana wa tafin hannu a ƙirji. Bindigarka tana kube a ƙugu, ka rufe ta da falmaran. Da agogo ya yi ƙara sai ka zaro, ka laɓe bayan bango, ka harbi ɓarayi ka bar bayin Allah. Wanda ya fi sauri da saiti shi ne gwani. Doming ya ce yana ganin hannuna ya san don wannan aka haife ni.

Za ki ce me ya kai ni ina dab da shekara sittin. To, akwai wani yaro da ke zuwa wurin Marisol, sunansa Efren, malamin firamare. In kin gan shi sai ki ba shi sadaka. Siriri, ga tabarau, murya kamar ta sauro. Na ajiye masa cinyar kaza biyu, ɗaya ya ci ya ce ya ƙoshi. Wannan ne zai riƙe mini 'yata tilo, wadda na yi rainonta ni kaɗai tun rasuwar uwarta? In ɓarawo ya shigo musu me zai yi, ya ba shi aikin gida? Niyyata, duk ranar da ya zo ya tarar da ni a tebur ina goge bindiga, ba harsashi a ciki, ba zan ce masa uffan ba. Da ƙafarsa zai daina zuwa.

Ki huta lafiya. Ƙanenki,
Teryo

Guimaras, watan Janairu

Teryo,

Na gaishe ka, na gaishe da Marisol. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, mangwaro ya fara fure.

Na karanta wasiƙarka a zaune kamar yadda ka ce, bai hana ni salati ba. Ka aiko mini da sunan likitan da ya ce kanka ƙalau, don in san wanda zan guje wa.

Kai ne da bindiga? Kai da har yau wani ke yanka maka kajin da kake gasawa, kai kuma ka fita waje kana waƙa don kada ka ji kukansu? Ka manta da danƙon da Tatay, mahaifinmu, ya yi maka muna yara? Tsuntsu ka saita, kunnen Fada ka samu, yana tsaye a ƙofar coci yana gaisawa da mutane. Ni na sha dukan, don ni aka bar wa tsaronka.

Shi kuma yaron, cinya ɗaya da ya ci ba laifi ba ne. Wataƙila kana tsaye a kansa kana zare masa ido. Ka taɓa barinsa ya ƙarasa magana? Na san ba ka taɓa ba.

Tunda ka riga ka saya, ka bi abin da masu koyarwa suka ce. Kada ka nuna musu ka fi su sani. Allah ya tsare ka, ya tsare mutane daga gare ka.

Yayarka,
Soling

Bacolod, watan Fabrairu

Manang Soling,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Zancen danƙo ya tsufa, kuma Fada ne ya motsa.

Wani abu ya faru. Ranar Asabar na je darasin farko na sababbi. Na sa falmaran sabuwa, na sa abin toshe kunne, Doming ya ce na yi kama da ɗan sandan ciki. Muna tsaye a layi sai na ji wata murya daga baya kamar tsawa: "Kowa ya cire hannu daga kube! Ba mai taɓa bindiga sai na ce!" Na juya don in ga wannan ƙaton. Manang, Efren ne. Da jar hula, da agogo a hannu. Ashe shi ne alƙalin fili, shi ke koyar da sababbi, kuma wai kofunansa sun cika kabad. Doming ya san shi shekara da shekaru, bai dai san shi ne yaron da nake faɗa ba, don kullum "sauron nan" nake ce masa.

Da ya gan ni ya cire hula ya rusuna, ya koma ƙaramar muryarsa: "Barka da zuwa, Yallaɓai." Da muka shiga fili kuwa sai ya zama wani mutum. "Yallaɓai, yatsa waje! Yatsa ba ya shiga kunama sai ka saita!" "Yallaɓai, bakin bindiga gaba!" A gaban mutane! Na ce masa, "Yaro, ka san da wa kake magana?" Ya ce, "Na sani, Yallaɓai. Yatsa waje."

Harbina bai yi muni ba. Matsalar ita ce bangon da ake laɓewa sun yi shi don sirara. In na ɓoye kaina tumbina yana waje, sai a ci ni tarar daƙiƙoƙi. Sannan na harbi bayin Allah guda biyu, amma a tsakiyar ƙirji na same su, Doming ma ya ce saitin ya yi kyau. Sauya gidan harsashi ne ke ba ni wahala, sau ɗaya na sa shi a juye.

Yanzu kullum da safe ina atisaye a ɗaki da bindiga ba harsashi, ina zarowa ina mayarwa a gaban madubi. Na rage shinkafa, har ƙugu ya fara saki. Zancen goge bindiga a tebur na fasa, don jiya da ya zo ya gan ta sai ya ce man ya yi yawa, ya karɓa ya gyara mini.

Akwai gasa wata mai zuwa, na sa sunana a ajin sababbi. Zan nuna wa yaron nan cewa iya ihu daban, mazantaka daban.

Ƙanenki,
Teryo

Bacolod, watan Maris

Manang,

Ina gaisuwa. Ba zan yi dogon rubutu ba, raina a ɓace yake.

An zalunce ni. Ina tsakiyar gasa, ina kan gaba a ganina, yaron nan ya kore ni daga fili saboda wani ɗan kuskure na tufafi da bai kai ya kawo ba. A gaban Doming, a gaban matan mutane, a gaban 'yata. Ramuwa ce, ya daɗe yana jiran rana. Na gaya wa Marisol in ya sake taka ƙofar gidana, ko shagona, ko titin da shagona yake, ba ni ba ita. Kada ki ba ni haƙuri, ba zan karanta ba.

Teryo

Bacolod, watan Maris

Zuwa ga gwaggona, Tita Soling,

Ina gaishe ki da ladabi, Tita, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ni ce Marisol. Na san babana, Tatay, ya rubuto miki, na kuma san irin abin da zai rubuta, shi ya sa na ce bari ki ji daga bakin wadda ta gani.

Ranar gasar na kai masa abinci, ina tsaye bayan igiya tare da 'yan kallo. An zaunar da shi a tebur kamar mai cin abinci a shago. Agogo ya yi ƙara, ya tashi, ya zaro, ya harbi ɓarayi biyu, wallahi ya same su, har na yi tafi. Sai ya ruga zuwa bango na gaba. Tita, kin san ya rame, kuma ya ƙi sayen sabon bel, wai tsohon mai sa'a ne. Ga nauyin kube da gidajen harsashi. Wando ya sulale. Ya kai hannu biyu zai kama, da bindigar a hannu, ya juyo gaba ɗaya wajenmu. Na ga ramin bakinta sosai, Tita, a saitin cikina. Mutane suka zube ƙasa, abokinsa Tito Doming ya faɗa cikin kwandon ƙanƙara.

Ban ga lokacin da Efren ya motsa ba. Ya yi ihu "Tsaya!", ya riƙe wuyan hannun Tatay ya mayar da bakin bindigar gaba, ya sa shi ya cire harsasai ya mayar da ita kube. Sannan ya tsaya tsakaninsa da mutane, ya kare shi har ya ja wando.

Dokarsu ita ce duk wanda ya juya bindiga wajen mutane ya fita daga gasar ranar, ko shi ne shugaban ƙungiya. Tatay ya san haka. Na matso kusa na ji ya rage murya yana cewa, "Yaro, ka ce ba ka gani ba. Ka bar ni in ƙarasa, ka turo iyayenka gobe." Efren ya yi fari fat, ya dube ni, ya dubi Tatay. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Yallaɓai. An cire ka." 

Tun ranar Efren bai zo ba, ya ce ba zai taka gidan mutum ba da izininsa ba. Tatay kuma ba ya cin abinci, ya kulle bindigar a akwati, ya ƙona kaji har masu saye suna mayarwa. Da rana na same shi a bayan shago yana kallon hotona na ƙuruciya, da ya gan ni ya ce hayaƙi ne ya shiga idonsa. Ni dai ba na son in zaɓi ɗaya cikinsu. Don Allah, Tita, ke kaɗai yake tsoro.

'Yarki,
Marisol

Guimaras, watan Afrilu

Teryo,

Na gaishe ka. Ka ce ba za ka karanta ba, amma na san za ka karanta.

Na ji labarin kuskuren tufafi. Na yi dariya har maƙwabta suka leƙo, daga baya na zauna na yi kuka, don na tuna wa ke tsaye a gaban bindigar.

Haƙuri ba zan ba ka ba, ba a yi maka komai ba. Tambaya ɗaya gare ni. Da yaron ya ce bai gani ba, ya karɓi 'yarka a bakin wannan ƙaryar, da yau kana iya barci ka san tana hannunsa?

Ka ci abinci, ka sayi bel. Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Soling

Bacolod, watan Afrilu

Manang Soling,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba tambayarki ce ta sa ni ba, da ma na yi niyya.

Na je makarantarsu ranar Litinin. Na tsaya a taga yana koya wa yara lissafi, da ya gan ni alli ya faɗi daga hannunsa. Ya fito, yaran duka suka taru a taga kamar ana rabon alewa. Na yi ta neman yadda zan fara, sai na ce, "Ranar Lahadi ka zo da iyayenka. Ku zo da yunwa."

Ya gyara tabarau. Ya ce, "Yallaɓai, hukuncin fa yana nan, ba zan iya janye shi ba."

Na ce, "Na sani, ɗan banza. Shi ya sa na zo."

Sun zo, an sa rana ƙarshen Mayu. Marisol tana ta tsalle kamar akuya. Ki fara shiri, zan turo wanda zai tsallako da ke a jirgin ruwa.

Ki huta lafiya. Ƙanenki,
Teryo