Takardar da na aika wa Sarkin Ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana da na garin da zan yi magana a kai. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan ban taɓa cewa komai ba, yau dai na gaji, don Allah ku ba ni shawara.

Ni haifaffiyar Makka ce, a Jarwal aka haife ni, kakanninmu ne suka zo hajji suka zauna. Yanzu ina Kudai da 'ya'yana biyu, ɗinki nake yi a gida. Ban taɓa zuwa Nijeriya ba, ban taɓa ganin kogi da idona ba, iyakata ruwan da ke bin titi in an yi ruwan sama mai ƙarfi. Na faɗi wannan ne don ku gane inda kuskurena ya fito.

Maigidana direban bas ne, yana ɗaukar alhazai daga Kudai zuwa Harami, shi kuma ɗan wani gari ne na bakin kogi a gida. Bara bayan sallar layya ya kwanta kwana tara a mustashfa, wato asibiti, Allah ya karɓi abinsa, a nan aka binne shi. Tun da muka yi aure magana ɗaya yake maimaitawa. Mahaifinsa ya bar masa fili a gaɓar kogin, daidai inda ruwan ya yi gurbi mai zurfi ya kwanta. Yakan ce a garinsu 'ya'yan masunta ne kaɗai suka iya ruwa, sauran jama'a tsoronsa suke ji kuma su yake ci, in kwale-kwale ya kife da masu zuwa gona tsallake. Burinsa a share filin, a dasa itatuwa, a yi rumfa da bencina, a ajiye ƙananan kwale-kwale da rigunan hana nutsewa, matasa su koyi tuƙi da iyo, masu fatsa kuma su ci gaba da zama da ƙugiyoyinsu a gefen da suka saba. Ya zana wurin duka a bayan kwalin dabino, har da inda kowace bishiya za ta tsaya. A mustashfa ya ce mini in taimaka wa ƙaninsa Bala a gama wurin, amma a fara da Baba Sarkin Ruwa, shugaban masuntan garin. Na ce to. Na riƙe maganar gamawa, ta Sarkin Ruwan kuwa na ɗauka gaisuwar girmamawa ce kawai.

Da na fita takaba na buɗe guruf a waya, na bi 'yan garinsu da ke Misfala da Jarwal gida gida. Wasu sun yi mini dariya, wata Hajiya ta ce wai matar da ba ta taɓa jiƙa ƙafarta a kogi ba ce za ta koya wa mutane tuƙi. Gaskiya kuwa ta faɗa. A hankali dai aka fara saurare. Can gida Bala ya je wajen mai gari da liman da hedimasta, duk suka sa albarka. Ya zauna da masu fatsa har sau uku, da farko sun ce filafilin tuƙa kwale-kwale zai kore musu kifi, daga baya aka daidaita, safe da yamma nasu ne, daga hantsi zuwa azahar na masu koyon tuƙi. Aka sassaƙa kwale-kwale uku. Wallahi ranar da Bala ya turo hotonsu ne na fara cin abinci da daɗi tun rasuwar.

To a nan na ɓata komai. Mu a nan ko rumfar shayi ba a kafawa sai da takardar baladiyya, wato hukumar gari, in ta fito kuma halas, babu mai sake magana. Haka na tashi na gani. Sai na matsa wa Bala ya nemo takardar izini daga ƙaramar hukuma mai hatimi. Ya ce Anti mu je wajen Baba tukuna, na ce abin kunya ne a je wa babba hannu biyu, a je masa da takarda ya san da gaske muke. Ya yi wata biyu yana zirga-zirga har ta fito, na sa aka yi mata leda, na haɗa da zamzam da dabino na ce a kai masa. Bala ya ce tsohon ya karɓi zamzam da hannu biyu ya sha, ya yi wa mamaci addu'a, aka karanta masa takardar, ya miƙo ta ya ce, “Ka ce wa matar ɗana, tunda an riga an ba ta ruwan, me ya rage ta nema a wurina? Ta saka takardar a gurbi ta tsare mata yaran.”

Sai a lokacin aka yi mini bayani. Ashe da zarar ruwa ya fara janyewa Sarkin Ruwa yake rufe gurbin nan, babu filafilin da ke taɓa shi sai ya buɗe, don kifi ya kwanta ya yi yawa. Takardata kuwa ta ce shekara gaba ɗaya. Kuma duk wanda ruwa ya ci a garin, shi ne mai shiga ya fito da shi. Tun ranar masu fatsa suka janye ɗaya bayan ɗaya, liman ya ce shi ba ya shiga tsakanin mutum da ruwansa, guruf ya yi tsit sai dai in ga wane ya fita. Muka yi faɗa da Bala a waya, ya ce mu 'yan Makka mun ɗauka hatimi ne ke tafiyar da duniya, ni ma na faɗa masa abin da nake nadama har yanzu. Wasu samari suka ce a ɗauko 'yan sanda a saka kwale-kwalen da ƙarfi, na ce ba da sunan mijina ba. Suna nan a kife a tsakar gidan Bala, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinsu. Na kira tsohon sau uku, yana amsa gaisuwa da kyau ya tambayi yara, da na kawo zancen sai ya ce shi ba ya maganar ruwa a waya.

Bana Allah ya kira Sarkin Ruwa hajji, masaukinsu a Misfala. Bayan an sauko daga Mina ya aiko yana son ganin kabarin maigidana, yayana ya kai shi. Daga can suka zo gidana, ya ƙi kujera ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ya ce kabarin ko alama babu, gefe kawai aka nuna masa. Ya ce shi ya koya wa mijina iyo duk da ba ɗan masunta ba ne, a tafin hannunsa ya ɗora cikinsa. Kwalin yana ƙarƙashin keken ɗinkina, na kasa ɗauko shi. Bai yi maganar filin ba, ni ma ban yi ba. Da zai fita ya ce, “Hajiya, da shi ne ya dawo da ƙafarsa, da ba mu yi haka da shi ba.” Na kasa gane ko ƙofa ya buɗe mini ko rufewa ya yi.

Ranar Alhamis jirginsu zai tashi. Innata ta ce in bi shi Harami in ya gama ɗawafin bankwana, in roƙe shi yana kallon Ka'aba, babu Musulmin da zai ce a'a a wurin. Yayana ya ce wannan tare baƙon Allah ne a lungu, amsar da aka samu haka ba za ta wuce Jidda ba, kuma mutumin da za a ba amanar rayuka a ruwa ba a son ya yi da rabin zuciya. Bala ya ce in haƙura kawai, ya gaji. Ni kuma zuciyata na cewa in je masaukinsa in yaga takardar a gabansa, don Bala ya aiko mini da ita ta hannun alhazai, in ba shi kwalin, kada in roƙi komai. Amma kwalin nan shi kaɗai ne rubutun hannun mijina da ya rage mini, in ya tafi da shi ya yi shiru, na rasa biyu.

Don Allah musamman ku da kuka tashi a bakin kogi kuka san halin manyan ruwa, in roƙe shi a Harami, in ba shi kwalin, ko in bar shi ya tafi? Kwana huɗu ya rage, kuma na kasa ko zura zare a allura.