Shahon Busasshen Reshe

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya ciwon bayan naka?

Ka tambayi jikin Baba. Da sauƙi, ni ce dai na kusa kwantawa. Likita ya ce ya riƙa tattaki, shi kuwa ya rantse ba inda zai taka sai da tsohuwar kyamararsa ta shagon hoto. Kullum na taso daga aiki a gajiye, sai mu nufi bayan gari neman wani shaho. Ni ce 'yar dako, jaka a kafaɗa, kujera a hannu.

Ka san dokarsa: ba a bin tsuntsu da kyamara, a saita ta a busasshen reshen da yake sauka, a jira. Haka muke jira har sauro ya ƙoshi da ni. Aikin idon da aka ce a yi masa kuwa ya ƙi, wai wanda ya tsufa yana ɗaukar hoto ba za a koya masa gani ba. Likita ya ce in aka ƙara jinkiri idon zai tafi. Ka kira shi mana, ni bakina ya gaji.

Ƙanwarka,
Auta


Yaya,

Bayan gaisuwa, ya yara da mamansu?

Ranar Asabar Baba ya hango baƙin abu a reshen, ya yi ta dannawa yana murmushi. Yaya, leda ce iska ta maƙala. Na kasa faɗa masa. Rabon da in ga haƙoransa tun rasuwar Mama.

Muka yi ta komawa, abin na nan. Jiya ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ce a iya saninsa shaho ba ya kwana da wuni ba motsi, in gaya masa gaskiya don Allah. Na gaya masa. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya rataya mini kyamarar a wuya, muka juyo. A hanya shahon gaske ya gifta ta kanmu ƙasa-ƙasa. Bai ɗaga kai ba.

Yau da safe na tarar ya shirya, yana zaune bakin gado da katin asibiti a hannu. Muka je, an sa mana ranar Talata za a yi aikin idon. Ka zo don Allah, ba zan iya ni kaɗai ba. Ya ce kada kowa ya cire ledar nan, da ita zai gwada idon in an kwance masa bandeji.

Ƙanwarka mai jiranka,
Auta