Inna da sojojina na roba

Filinge, daren Lahadi.

Na komo daga kasuwa na ishe sojojin roba da nike tarawa jere bisa tebur, amma duk babu kai. Aikin Inna ne. Wai malam ya ce mala'iku ba su shiga ɗaki mai mutum-mutumi sai an cire mashi kai.

Na ce, "Haba Inna, daga Yamai fa nike sayo su!"

"To yasda su na yi?" Ta miƙo mini kawunan cikin gwangwanin tumatir. "Har wanke maka su na yi."

Na so in yi faɗa, dariya ta hana ni. Garin ga kowa ya hangi kaki sai ya sauya hanya. Inna kuwa da wuƙar yankan kuɓewa ta yi juyin mulki, ko rediyo bai faɗi ba.