Iskarmu a Ɗakin Aisami

Maiturare,

Daren jiya na ji huci wajen turken awaki, kamar na kumurci, alhali babu maciji a nan duniyar wata. Ashe tiyon iskar da muke shaƙa aka huda, aka jona wani siriri. Na toshe da ƙaron da muka taho da shi daga Gure shekarar fari. Na bi siririn har ɗakin Aisami, wanda matarsa ta haifi tagwaye.

Na tafi wurin jandarma. Kada ki hura wuta sai na dawo, iskar da ta rage ba za ta ishe mu da awakin ba.

Ina shirin fita ke nan, maƙwabcinmu Garbai ya tare ni a ƙofa: "Malam Boyi, ka toshe. To, jariran da me suke numfashi?"