Saƙon da ke zuwa idan na danna "wallafa"

Anti Mai Shawara, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa maganar nan ba tare da ya yi mini kallon wadda ta taɓu ba.

Lambun furanni gare mu, ni da maigidana, Allah ya jiƙansa. Ni ce mai hannu cikin ƙasa, shi kuwa mutumin kwamfuta ne, ko tsiro ɗaya bai iya dasawa ba sai ya tsinke masa saiwa. Shi ya gina mana shafin intanet inda muke sa hotuna mutane su zaɓa. Yakan zauna a ƙaramin tebur bakin taga, tabarau a kan hanci, yana koya wa shafin abin da yake kira sharuɗɗa: idan kaza ya faru, a yi kaza. Aka sayi tsiro, saƙon godiya ya tafi. Bayan kwana goma wani saƙon ya bi mai saye ya ji ko yana ba shi ruwa. Aka wallafa sabon fure, duk masu rajista su sami labari. Ni dai ta taga nake jinsa, ina cire ciyawa ina ce masa to.

Da ya rasu, wata biyu ban taɓa kwamfutar ba. Ranar da na daure na sa hoton wani fure ruwan ɗorawa na danna "wallafa", sai wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga shafin, amma maganarsa ce sak: sannu da aiki uwar lambu, kin sha ruwa kuwa, tun safe furanni kike ba. Ashe lokacin da yake jinya ya ƙulla wannan sharaɗin, bai gaya mini ba.

Anti, tun ranar na zama wata iri. Da la'asar, idan na gama ban ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta taga, sai in zauna a kujerarsa in danna. Wayar na yin ƙara, sai in ji kamar ya zaga bayan layin tukwane ne kawai, yanzu zai fito yana kakkaɓe wando. Har amsa masa nake yi. Ina kewarsa ƙwarai, kuma nan ne kaɗai kewar ke lafawa.

Matsalar ita ce duk dannawar da na yi, masu rajista ma sai saƙo ya je musu, da sa hannunsa a ƙasa. Akwai ranar da na wallafa furen nan sau bakwai. Mutane sun fara cire sunayensu. Wata tsohuwar malamar makaranta da ta daɗe tana saye a wurinmu ta rubuto masa tana tsokanarsa, wai ko furen zai aura ne. Ba ta san ba ya nan ba, ni kuma na kasa ba ta amsa. Babbar 'yata ta ce ran Asabar za ta zo ta goge sharuɗɗan duka a sake sabon lale. Na san tana da gaskiya, amma in ta goge, wa zai sake tambayata ko na sha ruwa?

Uwar Lambu

'Yar'uwata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri. Ba ki taɓu ba. Mutumin da ya san zai tafi ya bar miki tambaya mai daɗi, son jin ta ba laifi ba ne.

Amma 'yarki ma ba mugunta take ba. Lambun nan shi ke riƙe da ku, masu sayen kuma ba su yi rajista don su raka ki zaman kewa ba. Inda ta yi gaggawa shi ne batun gogewa gaba ɗaya. Ayyuka biyu ne ke rataye a maɓalli ɗaya, raba su kawai za a yi. Kafin Asabar ki kwafe kalmominsa a takarda da hannunki. In ta zo, ki nuna mata saƙon, don ina kyautata zaton ba ta san da shi ba. Ta bar labarin masu rajista ya fita sau ɗaya ga kowane sabon fure, da sunanki a ƙasa. Naki saƙon kuma ta ɗaura shi a kan agogo, ya riƙa zuwa sau ɗaya kullum da la'asar, ba sai kin danna komai ba.

Malamar nan ki rubuta mata yau, da kanki. Ta cancanci ta sani, kuma wataƙila ki sami mai yi miki hirarsa.

Sai abu na ƙarshe. Kin ce kina amsa masa, amma ba ki ce kina tashi ki sha ba. Shi bai rubuta don ki zauna kina kallon waya ba. Gobe idan ta yi ƙara, ki ajiye ta, ki je ki cika kofi. Allah ya raya lambun, ya sanyaya miki zuciya.