Katantanwata Ta Mai da Yaya Turai

'Yankara, daren Laraba, watan Sha'aban

Yau ni na ceci Yaya Sani, ni ɗin da ake cewa ban iya komai ba sai tsokana.

Baba ya ce Yaya ba zai koma Turai ba sai ya fahimtar da shi abin da yake karantawa, in ya kasa ya kama aikin akawu a Funtuwa. Yaya ya yi ta zufa a zaure. Wai wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, furoton, a sa su juyawa fuska ɗaya, a harba su cikin gawayi, sai sababbi su fantsamo, sunansu fayon. Baba ya ce, "Gawayi? Ai ga shi nan a maƙera."

Don tsokana na murza katantanwata cikin tsakin kaji, na ce, "Ga furotonka, Malam Fayon." Tsakin ya watsu hagu. Yaya ya cafke hannuna. "Murza ta baibai." Na murza, ya watsu dama.

Yaya ya ce, "Baba, haka ƙwayoyin namu ke yi. Dalilin muke nema."

Baba ya daɗe yana kallon tsakin, sannan ya ce Yaya ya koma Turai.

Yaya ya roƙi katantanwar zai tafi da ita. Na ce sai ya kira ni Malam tukuna. Ya kira kuwa, a gaban Baba.